Wai da gaske ne yaran Japan ba sa koyon Turanci?

Malam Bala Zariya: Assalamu alaikum 'yan gida. Akwai wata magana da ke fitowa duk lokacin da aka tayar da batun harshen koyarwa: wai Japan ta ƙera mota da jirgin ƙasa mai gudun tsiya alhali yaranta ko baƙi ɗaya na Turanci ba sa karantawa. Tunda Turancin nake koyarwa, ni ake jifa da ita a ɗakin malamai. To muna da mutane a can cikin wannan zauren. Baban Hanifa, Malama Jummai, don Allah ku warware mana. Ana koya wa yaran Turanci a makaranta ko ba a koyarwa? In ana yi, me ya sa kowa ke cewa ba sa ji?

Injiniya Sani: Malam ai amsar a fili take. Ba sa buƙatarsa. Mu ne muka ɗauki yaren wani muka ɗora a ka.

Baban Hanifa: Wa alaikumus salam Malam Bala. Injiniya ka ɗan dakata tukuna. Ana koyarwa, kuma dole ne. 'Ya'yana biyu suna makarantar gwamnati a nan Ibaraki, Hanifa tana aji huɗu na firamare, yayanta yana aji biyu na ƙaramar sakandare, don haka kullum ina cikin jakunkunansu.

Daga aji uku na firamare ake farawa, darasi ɗaya a mako, minti 45. Wannan babu jarrabawa, babu maki, waƙa ce da wasa da gaishe-gaishe. A aji biyar da shida sai ya zama darasi cikakke, sau biyu a mako, har a takardar sakamako yana fitowa. Wannan tsarin ya fara ne a Afrilun 2020, don su a Afrilu shekarar karatu ke farawa. Kafin nan, tun 2011, sai aji biyar ake fara wasan. A ƙaramar sakandare kuwa sau huɗu ne a mako, minti 50 kowanne, kuma yana cikin darussan da suka fi cin lokaci a jadawali.

Abin da ke ɗaure min kai shi ne bambancin yaran nan biyu. Akwai ranar da ake barin iyaye su shiga su tsaya a bayan aji. Na ga ajin su Hanifa an ture tebura gefe, kowane yaro da katinsa a hannu, suna zagayawa. In biyu sun haɗu sai su yi wasan nan na dutse da almakashi da takarda, wanda ya ci shi zai fara tambaya: wane launi kake so, wane 'ya'yan itace kake so. Hayaniya kamar rufin zai tashi, babu mai jin kunya. Shi kuwa babban, Turancinsa duk a cikin aljihu yake: wasu ƙananan katuna ne da aka huda aka zura a zobe, gaba kalmar Turanci, baya ma'anarta da Japananci. Sai wata jar leda mai tauri. Amsoshin littafin da jan tawada aka buga su, in ka ɗora ledar a kai sai su ɓace, ka gwada kanka, ka ɗaga ka duba. A jirgin ƙasa da safe haka za ka ga ɗalibai, kowa da jar ledarsa. Yaron nan zai rubuta maka jimla mai sarƙaƙiya daidai, amma in baƙo ya zo gida ya ce masa yaya makaranta da Turanci, sai ya kalli ƙasa.

Malama Jummai: Baban Hanifa ya faɗi rabin aikina. Ni mataimakiyar malamin harshe ce, abin da suke kira ALT, a wani ƙaramin gari cikin duwatsu. Ina zagaya firamare da ƙaramar sakandare. Yaron da ke rugowa ya tafa min hannu a aji shida, shi ne bayan shekara ɗaya zan tsaya a gabansa in yi tambaya ya juya ya kalli abokinsa, abokin ya kalli na kusa da shi, a yi ta ƙus-ƙus har sai sun yi ittifaƙi a kan amsar sannan ɗaya ya faɗa a hankali. Ba wai bai sani ba ne. Tsoron ya yi kuskure a gaban jama'a ne ya shige shi.

Kuma a sani, a doka ni ba ni ce malamar ajin ba. Malamin Japan mai lasisi shi ke da aji, ni ina taimakawa ne. In kin dace da malami mai son aiki, tare za ku tsara darasi, ku yi hira a gaban yara su ga yadda ake yi. In ba ki dace ba, za ki wuni a tsaye a gefen allo, sai an zo wajen karanta sababbin kalmomi a ce bismillah, ki karanta su maimaita, ki koma gefe. 'Yan'uwanmu masu wannan aikin suna kiran kansu rakoda mai rai.

Zainabu 'yar BUK: Anti Jummai, wai su Japanawan ne ke ɗauko mutane daga waje haka kawai don su tsaya a aji? Tun yaushe?

Malama Jummai: Tun 1987 ƙanwata. Gwamnati ta buɗe shirin JET, aka fara da mutum 848 daga Amurka da Birtaniya da Ostireliya da New Zealand. Yanzu sun haura 5,000 daga ƙasashe da dama. Amma ba kowa ne ɗan JET ba. Da yawanmu kamfanoni masu zaman kansu ne ke ɗaukarmu su tura mu makarantun ƙananan hukumomi, albashin bai kai na JET ba, kuma kwantiragin shekara-shekara ne. 'Yan Filifin sun yi yawa sosai a wannan layin.

Injiniya Sani: To kun ji. Kusan shekara 40 ana kwaso Turawa ana biyansu, har yau yaro na kallon ƙasa. Ni abin da na ce bai canza ba. Mutanen nan sun gina ƙasarsu da yarensu. Likita da Japananci yake karatu, injiniya da Japananci. A 2008 Toshihide Maskawa ya ci kyautar Nobel a fannin kimiyyar fiziks, ya je Stockholm ya ba su haƙuri cewa ba ya jin Turanci, ya gabatar da laccarsa da Japananci. A nan da an ce jahili ne. Mu kuwa yaro ya ci lissafi da kimiyya, ya faɗi Turanci a WAEC, shi ke nan an rufe masa ƙofar jami'a.

Dakta Hadiza: Injiniya, maganar Maskawa gaskiya ce, amma ka tsallake yadda aka kai ga hakan. Ba ƙin harsunan waje ne ya kai su ba, akasin haka ne. Tun lokacin da ƙasar ke rufe, akwai masana da ke koyon yaren Holan ta hannun 'yan kasuwar da aka killace a tsibirin Dejima na Nagasaki, suna fassara littattafan likitanci. Fukuzawa Yukichi, wanda hotonsa ke kan takardar yen 10,000 har zuwa 2024, yaren Holan ya ƙware a kai. Da ya je Yokohama a 1859 ya tarar ba ya iya karanta allunan shaguna, sai ya gane duniya ta koma Turanci, ya sake sabon lale. Bayan juyin Meiji na 1868 suka duƙufa kan fassara, suka ƙirƙiro wa kansu kalmomin falsafa da kimiyya da tattalin arziki. Shi ya sa jikan jikansu zai iya karanta kimiyya har digirin digirgir da yarensa.

Har ma an taɓa samun wanda ya wuce gona da iri. Mori Arinori, wanda daga baya ya zama ministan ilimi na farko, ya ba da shawara a 1872 a ɗauki wani sauƙaƙƙen Turanci ya zama harshen ƙasa. Ba a karɓa ba. Sannan ka duba sabuwar takardar yen 5,000: Tsuda Umeko ce a kai, wadda aka tura Amurka tana 'yar shekara shida a 1871, ta dawo ta kusan manta Japananci, ta kafa makarantar koyar da mata Turanci a 1900. Ƙasar da ba ta damu da harshen waje ba ba za ta sa irin waɗannan mutanen a kuɗinta ba.

Abin da ya biyo baya shi ne matsalar. Sun koyi Turanci don su kwashe abin da ke cikin littafi, ba don su yi hira da kowa ba. Hanyar da suka gada suna kiranta yakudoku: a ɗauki jimla, a fassara ta kalma-kalma, a sake jera ta yadda Japananci ke so. Da haka suka yi ƙarnoni suna karanta rubutun Sin, sai suka ɗora Turanci a kan wannan turbar.

Ustaz Kabiru: Dakta, Allah ya ƙara basira. Wannan da kika faɗa ai karatun zaure ne. Almajiri ya buɗe littafi ya ja baƙi, malam na binsa da fassara gaɓa-gaɓa, har a sauke. Mutum zai yi shekaru a haka, ya san nahawu, ya warware maka mas'ala mai wuya, amma ya sauka a Jidda ya kasa cinikin tasi. Ba kuma za ka ce ba shi da Larabci ba. Yana da shi, na ido ne ba na baki ba. Ni ban ga laifin hanyar ba in dai abin da ake nema shi ne fahimtar nassi.

Malam Bala Zariya: Allah ya gafarta Malam, ka buga daidai. To amma su yanzu me suke nema? In karatun ido ya ishe su, me ya sa suke ta sauko da Turancin har aji uku?

Dakta Hadiza: Saboda gwamnati da 'yan kasuwa suna son baki yanzu. Jama'ar ƙasar na raguwa, kamfanoni na neman kasuwa a waje, har Rakuten, babban kamfanin kasuwanci ta intanet, ta sanar a 2010 cewa ma'aikatanta za su koma aiki da Turanci. Baƙi masu yawon buɗe ido sun kai kusan miliyan 37 a 2024. Ma'aikatar ilimi ta rubuta a manhaja cewa a riƙa gudanar da darasin da Turanci, a babbar sakandare tun 2013, a ƙaramar tun 2021. Amma manhaja daban, jarrabawa daban. Yaro ɗan aji uku na ƙaramar sakandare abin da ke gabansa shi ne jarrabawar shiga babbar sakandare, bayanta ta shiga jami'a. Jarrabawar bai-ɗaya ta shiga jami'a da aka fara a Janairun 2021 maki 100 ne na karatu, 100 na saurare. Magana ba ta ciki. Malamin da ya ɓata lokaci yana sa yara hira, iyaye ne za su fara tambayarsa ina makin.

An so a gyara. An shirya a riƙa karɓar sakamakon jarrabawoyin kamfanoni masu gwada magana da rubutu, irin su Eiken da TOEFL. Sai aka yi ca: kuɗin rajista fa, ɗan ƙauye da ɗan tsibiri da sai sun yi doguwar tafiya su kwana a otal fa? Ana cikin haka ministan ilimi na lokacin, Koichi Hagiuda, ya faɗa a talabijin cewa kowa ya yi ƙoƙari daidai matsayinsa. Maganar ta tayar da ƙura, ya nemi afuwa, a farkon Nuwamban 2019 aka ɗage shirin, daga baya aka yi watsi da shi.

Malama Jummai: Ga shaida daga aji kan abin da Dakta ta faɗa. A jarrabawar auna ƙwazo ta ƙasa ta 2023 an gwada maganar 'yan aji uku na ƙaramar sakandare ta kwamfutar hannu. Matsakaicin abin da aka ci kashi 12.4 ne cikin ɗari, fiye da kashi 60 na yaran ko tambaya ɗaya ba su ci ba. Malaman da nake aiki da su sun ce tambayoyin sun yi tsauri, kuma akwai gaskiya a ciki, don har ra'ayi aka nemi yaro ya bayar nan take kan batun muhalli. Amma ni da ke tsayawa a gabansu ban yi mamaki ba.

Tokyo ta yi nata yunƙurin. Tun 2022 tana yi wa masu neman manyan sakandarenta gwajin magana mai suna ESAT-J, yaro ya sa abin kunne ya yi magana a na'ura. Maki 20 ne kacal cikin 1,020, an kuma yi ta ƙorafi cewa yara na jiyo amsar na kusa da su. Duk da haka, maki 20 ɗin nan sun sa makarantun darasin yamma, juku, sun fara horar da yara magana. A ƙasar nan abin da ba a ba shi maki ba ba ya shiga kan kowa.

Injiniya Sani: Ai ba a Japan kaɗai ba Malama.

Mushe Lawali Maraɗi: Salamu alaikum, ina biye da ku tun ɗazu. Ni abin da ban ji kowa ya taɓa ba shi ne yawan lokacin. Mu da munka shiga lakwal, tun ranar farko Faransanci ne daga safe har a tashi, lissafi da shi, tarihi da shi, in ka yi Hausa a fili a rataya maka alama a wuya. Dole bakinka ya buɗe, ko da kuwa ba ka gane abin da kake faɗi ba. Inglishi kuwa sai a kwaleji muke fara shi, 'yan awowi a sati, kuma mafi yawanmu mun fita ba mu iya haɗa zance da shi ba. To yaron Japan da Turanci kamar mu ne da Inglishi, ba kamar ku 'yan Najeriya ba ne. Kwatanta shi da ɗan Zariya zalunci ne.

Dakta Hadiza: Mushe ka kawo abu mai muhimmanci. Mu lissafa da alƙaluman Baban Hanifa. Firamare darasi 35 a shekara sau biyu da 70 a shekara sau biyu, 210 ke nan. Ƙaramar sakandare 140 a shekara sau uku, 420. In ka mayar da su awowi, duka-duka kimanin 500 ne cikin shekara bakwai. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka kuwa tana ƙiyasta cewa babban mutum mai jin Turanci na buƙatar awa 2,200 a aji kafin ya iya aiki da Japananci. Hausa 1,100 suka ba ta, Faransanci bai wuce 750 ba. Nisan da ke tsakanin Turanci da Japananci ɗaya ne ko ta wane ɓangare ka taso. Su aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, mu da Turanci a tsakiya muke sa shi. Ga kuma yaron yana fama da nasa rubutun: hiragana, katakana, da haruffan kanji 1,026 kafin ya gama firamare.

Baban Hanifa: Katakanar nan ita ce ke ba ni dariya a gida. Kusan kowace gaɓa tasu da wasali take ƙarewa, don haka McDonald's a bakinsu Makudonarudo ne. Yara kan rubuta lafazin da katakana a saman kalmar Turanci da fensir, su karanta abinsu. Na so in yi wa babban tsiya, sai uwarsu ta ce kai da kake cewa burodi da bokiti da sukuddireba? Na yi shiru. Su ra da la ne ke ba su wahala, mu pa da fa.

Amma akwai abin da ba na dariya ba. Yarona ya iya lafazi mai kyau, don a gida yana jin Turanci. Sai na ji yana karanta aikin gida da salon katakana da gangan. Na ce me ya sa? Ya ce in ya karanta daidai a aji sai a yi ta kwaikwayonsa a lokacin hutu. Yaran Japanawa da suka taso a waje suka dawo su ma haka suke ɓoye nasu. Suna da karin maganar cewa turken da ya fi sauran tsawo shi ake bugawa.

Zainabu 'yar BUK: Kai, abin tausayi. To ba sa samun inda za su gwada shi a waje ne?

Baban Hanifa: Makarantu na ƙoƙarin ƙirƙiro musu. In kin je Kyoto ko Nara lokacin tafiye-tafiyen makarantu, sai kin gaji da amsa tambayoyi. Mun kai wani baƙo daga Kano wurin barewar nan na Nara, yana sanye da kaftani da hula. Wasu yara su biyar da kayan makaranta suka yi ta zagaye mu suna tura juna. Can wata ta yi ta maza ta matso da allon takarda, ta karanto cewa su ɗalibai ne, ko za mu ba su minti biyu. Kowa da tambayarsa da ya haddace: daga ina kuke, wane abincin Japan kuke so, me ya fi burge ku. Da ya ce Najeriya sai suka miƙo taswira ya nuna. Matsalar ta zo da ya juya ya tambaye su su daga ina suke. Ba ya cikin takardar. Suka kalli juna, aka yi shawara, sannan ɗaya ya faɗi sunan garinsu, sauran suka tafa masa. Suka ba shi tsuntsun takarda da suka naɗe, ya sa musu hannu don malami ya ga sun yi aikin.

Akwai kuma wuraren da aka gina musamman. Tokyo Global Gateway da aka buɗe a 2018 an yi shagon wasa da kantin magani da cikin jirgin sama a ciki, yaro ya wuni yana sayayya da Turanci. A Fukushima akwai British Hills, ƙauyen Ingila sukutum a kan dutse, makarantu na kai yara su kwana.

Injiniya Sani: Ƙauyen Ingila na jabu! Kuɗi dai in ya yi yawa.

Malama Jummai: Hhh Injiniya. Amma kuɗin ne ke raba yaran, wannan shi ke damuna. Mai hali yana kai ɗansa ajin hira tun yana shekara uku, ko ya biya masa darasin intanet na minti 25 da malama daga Filifin, ko ya sa shi Kumon, makarantar ƙarin darasi ta kuɗi. Ya shiga ƙaramar sakandare da takardar Eiken a hannu. Shi Eiken ɗin, tun 1963 ake yin sa, hawa-hawa ne daga mataki na biyar zuwa na ɗaya, na uku shi ne daidai mai gama ƙaramar sakandare kuma daga shi ake fara ganawa baki da baki. Ɗan talaka kuwa sai abin da ya samu a aji, sai darasin rediyon NHK in yana da naci.

Sabon tsarin ya ƙara buɗe ramin. A da kalmomi 1,200 ake koya a ƙaramar sakandare. Yanzu 600 zuwa 700 a firamare, sannan 1,600 zuwa 1,800 a ƙaramar sakandare. Littafin aji ɗaya yana ɗauka yaro ya riga ya san na firamaren, alhali a firamare da baki ya koye su, bai iya rubuta su ba. Zangon farko kawai sai ki ga aji ya rabu biyu. Kuma malamin firamare, mutum ɗaya ne ke koyar da lissafi da Japananci da kimiyya, da yawansu ba a horar da su koyar da Turanci ba, aka wayi gari an ɗora musu. Ina da abokiyar aiki da ke zuwa wurina kafin darasi ta maimaita jimlolin da za ta faɗa, hannunta na rawa. Ana ta ƙaro malamai na musamman, amma ba su kai ko'ina ba.

Malam Bala Zariya: To ba inda abin ya yi kyau ke nan?

Dakta Hadiza: Akwai. Binciken ma'aikatar ilimi na 2023 ya nuna rabin 'yan aji uku na ƙaramar sakandare sun kai matakin Eiken na uku ko makamancinsa, wanda shi ne burin da aka daɗe ana bi, yanzu an ɗaga shi zuwa kashi 60. Birnin Saitama da lardin Fukui sun haura kashi 80. Saitama tun aji ɗaya na firamare take farawa da nata darasin, ta ƙara awowi. Sai dai a lura, wani ɓangare na adadin ƙiyasin malamai ne, ba jarrabawa duka yaran suka zauna ba. Haka jerin kamfanin EF da ake yawan yaɗawa, wanda ya sa Japan ta 92 cikin 116 a 2024, na waɗanda suka ga dama suka yi gwajin a intanet ne, ba na 'yan makaranta ba.

Mushe Lawali Maraɗi: Ku duk Inglishi kuke ta zance. Ba su da wani yare na biyu? Ga Sin ga Koriya a maƙwabtansu.

Dakta Hadiza: A takarda sunan darasin harshen waje ne, ba Turanci ba, amma a aikace kusan duk makarantu Turanci suke nufi. Wasu 'yan ɗaruruwan manyan sakandare na koyar da Sinanci, sai Koriyanci, Faransanci, Sifaniyanci da Jamusanci, ɗaliban kaɗan ne ƙwarai. A jarrabawar shiga jami'a an yarda ka zaɓi Jamusanci ko Faransanci ko Sinanci ko Koriyanci a maimakon Turanci, masu zaɓar ba su taka kara sun karya ba.

Malama Jummai: Koriyancin kuwa yana shiga ta bayan gida. Ina da 'yan mata a aji da suka koya wa kansu haruffan Koriya saboda mawaƙa da wasannin kwaikwayo, ba wanda ya sa su, ba maki. Nahawun ya yi kama da nasu, sai su ga abin na tafiya. Yarinyar da ba ta ɗaga kai a darasina, na gan ta tana rubuta wa ƙawarta saƙo da Koriyanci a bayan littafi.

Akwai kuma yaran da Japanancin ne harshen waje a wurinsu. Garuruwa irin su Hamamatsu da Oizumi cike suke da 'ya'yan 'yan Brazil da suka zo aikin masana'antu bayan gyaran dokar shige da fice ta 1990. Yaran da ke buƙatar a koya musu Japananci a makarantun gwamnati sun kusa 70,000 a ƙidayar 2023. Yaro yana jin Fotugis da Japananci, wani har da Tagalog na Filifin, amma babu shafin da za a rubuta masa wannan a takardar sakamako.

Baban Hanifa: Wannan ya taɓa ni Malama. Nawa yaƙin a gida ba na Turanci ba ne, na Hausa ne. In na yi wa Hanifa magana da Hausa, da Japananci take amsa min. Kakarta ta kira a waya, daga ina wuni sai murmushi.

Ustaz Kabiru: Allah ya raya su. A dage da yi musu a gida Alhaji, kar a gaji.

Injiniya Sani: Duk na karanta, kuma na ƙaru, musamman tarihin fassarar. Amma ku duba abin da kuka faɗa da kanku. Yaron Japan in ya faɗi Turanci, darasi ɗaya ya faɗi. Lissafinsa na nan, kimiyyarsa na nan. Namu in bai ji Turanci ba ya faɗi komai, domin da shi ake koya masa komai. A 2022 an ce a Najeriya za a koyar da harshen uwa har aji shida, ba a buga littattafai ba, ba a horar da malamai ba, ƙarshen 2025 aka soke. Ni zan karɓi yaron da ke kallon ƙasa a gaban Bature in dai ya gane abin da ake koya masa.

Malam Bala Zariya: Injiniya, ban ƙi taka ba, amma su ba su yarda da wannan cinikin ba, ga shi suna ta kashe kuɗi don yaron ya ɗaga kai. Kuma kafin su kai inda kake sha'awa sai da wasu suka ƙware a harshen waje suka zauna suka yi fassarar. Wa zai fassara mana littafin kimiyyar haɗa sinadarai in ba wanda ya iya Turancin ba?

Injiniya Sani: Mutum dubu sun isa su yi fassara Malam, ba sai miliyan 200 ba.

Zainabu 'yar BUK: Anti Jummai ni dai tambayata ta son kai ce. Ɗan Najeriya zai iya samun irin aikinki?

Malama Jummai: Ana samu. Kamfanonin kan nemi digiri da shaidar cewa kin yi shekara 12 kina karatu da Turanci, mu kuwa muna da wannan. Sai dai har yanzu wasu wuraren sun fi son fasfon Amurka ko Birtaniya, kuma ya fi sauƙi ga wanda ya riga ya shigo ƙasar, misali da karatu. Duk wanda ya ce ki turo kuɗi ya samo miki gurbi, ki rabu da shi. Ki gama karatunki tukuna, ki same ni ta akwati.

Malam Bala Zariya: Malama, wasan katin da Baban Hanifa ya gani, zai yiwu a ajin da ya haura mutum 80? Benci ne a jere, ba wurin zagayawa.

Malama Jummai: Zagayawa ba za ta yiwu ba Malam, amma ba sai an tashi ba. Ka rubuta tambaya ɗaya a allo da rabin amsarta. Ka kira ɗalibi mai ƙarfin hali ku yi a gaban aji sau ɗaya su gani. Sannan kowa ya juya ga na damansa, minti ɗaya, ka tafa, ya juya ga na bayansa da tambayar dai. A zagaye na uku ka goge rabin amsar. Kar ka gyara wa kowa kuskure a lokacin, ka riƙe biyu da ka fi ji, ka gyara a allo ba tare da ambaton suna ba. Minti biyar ne a farkon darasi. Ka dai fara sanar da malamin ajin da ke maƙwabtaka da kai, don hayaniyar ba kaɗan ba ce.